Sifikoki biyu masu kama da juna: daga ina bambancin bes yake fitowa?

Wanda zai sayi sifika a Jangebe, ko ya hau mota zuwa Talata Mafara ko Gusau don ya samu zaɓi, tambayarsa ta farko ba ta wuce "Tana da bes?" Mai shago sai ya murɗa ƙara har kwanon rufi ya ɗauki rawa, ya ce, "Alhaji, ji da kunnenka." Bes shi ne sautin nan mai kauri da ƙirji kan riga kunne ji. Sauti kaɗawar iska ce, ana kuma auna ta da Hertz, wato sau nawa iskar ta kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga 20 zuwa 20,000, bes kuwa yana can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 250. Lasifikar ƙarfe irin ta Ahuja ko TOA da ake ɗaurawa a masallaci tana kai kiran salla har bayan gari, amma ba ta da kauri, domin an ƙera ta ne don murya ta yi nisa.

Bari mu ɗauki sifikokin ɗaki guda biyu 'yan gida ɗaya. Kamfanin Wharfedale, wanda Gilbert Briggs ya kafa a yankin Yorkshire na Ingila a 1932, ya fitar da jerin Diamond 12 a 2020, cikinsu akwai 12.1 da 12.2. Na zaɓe su ne saboda alƙalumansu a bayyane suke, kuma abin da za a koya a kansu ya shafi kowace wufa da ke shagon mai cajin waya. In ka gan su a hoto da ƙyar ka bambanta su. Kowace tana da tuwita mai inci 1 a sama don siririn sauti, da wufa a ƙasa don sauti mai kauri, da rami a baya. Amma wufar 12.1 inci 5 ce, ta 12.2 kuwa inci 6.5, a cikin akwatin da ya fi girma. Kamfanin ya ce ƙaramar tana sauka zuwa Hertz 65, babbar zuwa 50.

Tazarar 15 ɗin nan ba ƙarama ba ce. Sauti mai kauri iska mai yawa yake so a tura, kuma duk lokacin da aka sauka rabi, misali daga 100 zuwa 50, sai faifan sifika ya tura iska ninki huɗu kafin ƙarar ta zo daidai. Faɗin fuskar faifai mai inci 6.5 ya fi na mai inci 5 da sama da rabi, don haka yana yin aikin ba tare da ya wahala ba. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana kaɗawa a wajen Hertz 41. Babu wadda ke fitar da wannan sautin cikakke, sai dai 12.2 ta fi kusantarsa nesa ba kusa ba.

Ramin baya kuwa dabara ce da Albert Thuras na Bell Labs a Amurka ya samu rajistarta a 1932. Iskar da ke cikin akwati da bututun ramin tana da nata amon, kamar yadda kwalba ke yin gunji in yaro ya busa bakinta. Maƙera sukan daidaita wannan amon ya faɗo daidai inda faifai ya fara gazawa, sai ya tallafa masa. Dabarar tana da tsadarta: ƙasa da wannan wurin sauti yakan faɗi da sauri, faifan kuma ya riƙa kai da komowa a banza, shi ya sa sifikar da aka ɗora wa bes fiye da ƙarfinta take yagewa. Rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a 1954, bai kai mai rami cika ɗaki ba, amma bugunsa ya fi tsabta.

A takarda dai babbar ta yi nasara. A cikin ɗaki magana takan canza, kuma nan ne masu saye suka fi yin asara. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sauti mai Hertz 50 tsawonta ya kusa mita 7. Ɗakin da magina suka saba yi, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, rabin wannan ne. Sautin da ke wajen Hertz 47 yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da ɗan'uwansa, ya kumbura, ta fuska biyu kuma tunda tsawo da faɗi ɗaya ne. Babbar sifikar tana isa wannan wurin, ƙaramar kuwa ta riga ta yi laushi kafin nan. Sai ka ji mai tsadar tana wani "buuu" marar daɗi a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuma bes ya ɓace, alhali ƙaramar tana fitar da kiɗa tas. Labule da kafet ba sa maganin sauti mai kauri haka. Abin da ke taimakawa shi ne a janye sifikar daga lungu, a bar tazara tsakaninta da bango, in abin ya ƙi a cusa soso a ramin. A ganina, mai ƙaramin ɗaki 12.1 ta ishe shi, mai babban falo ne zai ci moriyar 12.2. Filin biki kuwa babu bangon da zai taimaka, aikin wufa mai inci 15 ko 18 ne.

Wajen gwaji, a haɗa su da amfilifaya ɗaya, a kuma daidaita ƙararsu. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin bes sosai in ƙara ta yi ƙasa, saboda haka wadda aka fi murɗa wa ƙara ita za ta zama kamar ta fi kauri. Dubban wat ɗin da ake rubutawa a kwali da alamar PMPO ba abin dogaro ba ne, adadin RMS ake dubawa. Sannan mutum ya zo da waƙar da kunnensa ya haddace. Ga mutumin yankin Jangebe, waƙar Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura da ya yi suna a Maradun, ya rasu a 1991, ta isa ma'auni. A saurari kotso: ana jin kowane bugun hannu daban, ko sun cakuɗe? 'Yan amshi suna fitowa sarai, ko kaurin ya danne su? Daga nan a sa kiɗan zamani mai nauyi don a ji iyakar zurfinta.

Wuta ma tana da hannu. Bes ne ya fi cin ƙarfin amfilifaya, kuma inda ake dogaro da sola ko ƙaramin janareta, ƙarfin yakan gaza daidai lokacin bugu mai nauyi. Sautin yakan fashe, kuma wannan fashewar takan ƙona tuwita tun kafin wufa ta ji komai.