Zaɓen Rezin Don Zubin Ƙananan Mutum-mutumi a Gida

Tun bayan da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar da wasan Warhammer a 1983, wasannin yaƙi da ake yi a kan teburi da ƙananan mutum-mutumi, waɗanda tsayin akasarinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, suka ƙara samun karɓuwa a Turai da Amurka, har ta kai masu sha'awar abin suna sassaƙa nasu sojojin da ganuwoyi da duwatsun fagen fama, su zuba su a gida. Abin da ake zubawa shi ne rezin, wato ruwan roba da ke daskarewa idan an gauraya shi da mahaɗinsa, kuma a mazubin silikon ake zuba shi, domin silikon yana lanƙwasuwa ya saki abin da aka zuba ba tare da ya karya shi ba.

Ga mutum-mutumi kansu, babu kamar foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. Ruwansa tsinkakke ne, yana ratsa kowane lungu na mazubi har ya fito da ƙwayar ido da bakin takobi, kuma yawanci ana auna kashinsa biyu daidai wa daida. Sai dai ba ya jira, domin wasu nau'o'insa suna fara kauri cikin minti uku, a cire abin da aka zuba bayan minti goma. Babban abokin gabarsa shi ne laima. Ɗaya daga cikin kashin biyu, wato aisosayanet, yana haɗuwa da ruwa ya haifar da iskar kabon, wadda ke zama kumfa a jikin aikin, ta bar fuskar soja da ƙananan ramuka tamkar zanzanar agana. Sandar itace mai danshi da aka juya haɗin da ita, ko kwalbar da aka bari a buɗe da damina, ta isa ta ɓata zubi gaba ɗaya, kuma wannan ne ya sa ƙwararru ke sanya mazubi cikin tukunyar matsin iska, wadda ke danne kumfar har ta daina ganuwa.

Ifoksi, dangin gam ɗin Araldite, yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya daskare, kuma garau yake fitowa, saboda haka a koguna da tafkunan fagen wasa ne ya fi amfani. Idan aka zuba shi da kauri lokaci guda yana ɗaukar zafi har ya tsage, don haka bi da bi ake zuba shi. Foliyesta kuwa, duk da arharsa, warin sitayirin da yake fitarwa da motsewar da yake yi sun sa bai dace da ɗakin da ake kwana ba.

Asarar kuɗi ce a zuba ganuwa ko dutse da rezin, alhali filasta mai tauri, irin ta masu haɗa haƙori, tana fitar da zane sarai a farashi mai rahusa, nauyinta kuma yana hana ginin gocewa a kan teburi.

Kowane iri aka zaɓa, wajibi ne a sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke shiga, a rufe hanci da takunkumi yayin gogewa da samfefa saboda ƙurar tana cutar da huhu, sannan a wanke abin da aka zuba da ruwa da sabulu kafin a shafa fenti, in ba haka ba fentin ba zai kama ba.