Shikago: Kasafin Kashin Dankali da Gwagwarmayar Unguwannin Kudu

A watan Afrilun 2019 majalisar birnin Shikago ta amince a ware har dala biliyan 1.3 na harajin jama'a don gina hanyoyi da gadoji a Lincoln Yards, wani katafaren aikin 'yan kasuwa da ke maƙwabtaka da unguwannin masu hali na arewacin birnin. A wannan shekarar ce binciken Jami'ar New York ya nuna cewa mazaunin unguwar Streeterville kan kai shekara 90 a duniya, na unguwar Englewood ta kudu kuwa 60, alhali tsakaninsu bai wuce mil tara ba. Zuwa 2025 aikin Lincoln Yards ya tsaya cak, har banki ya karɓe wani sashe na filin. Wanda ya haɗa waɗannan labarai zai gane cewa talaucin unguwannin kudu da yammacin Shikago da hannun masu rubuta kasafi a ciki.

Babbar hanyar da kuɗin ke bi su kauce wa talaka ita ce tsarin da ake kira TIF. Majalisa kan shata wani yanki, ta daskarar da harajin gidaje da filaye wanda makarantu da wuraren shaƙatawa ke samu daga gare shi, har shekara 23. Duk ƙarin harajin da ya shigo bayan nan, saboda ƙasa ta yi daraja, sai a zuba shi a asusu na daban wanda ba a kashe shi sai a yankin ko na kusa da shi. Doka ta ce an yi tsarin ne domin wuraren da suka lalace. To amma asusun ba ya cika sai inda farashin ƙasa ke tashi. Tsakiyar birni kan tara ɗaruruwan miliyoyi, ita kuwa Englewood, mai cike da kangaye da filayen da ciyawa ta cinye, abin da take tarawa bai taka kara ya karya ba. A 'yan shekarun nan asusun nan gaba ɗaya sun haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma magajin gari ne ke da babbar murya kan inda za su nufa.

Rabon da ake kira na daidai ma bai tsira ba. Kowace mazaɓa cikin 50 na samun dala miliyan 1.5 a shekara don gyaran tituna da fitilu da lunguna. A 2017 babban mai binciken birnin ya nuna cewa wannan rabo bai la'akari da buƙata: mazaɓun kudu masu faɗi da yawan tituna suna karɓar daidai da ƙananan mazaɓu masu cunkoso. Riga ɗaya aka ɗinka wa dogo da gajere.

Mutanen unguwannin ba su naɗe hannu ba. Bayan an rufe makarantu kusan 50 a 2013, galibi a yankunan baƙar fata, iyaye da 'yan gwagwarmaya a Bronzeville sun yi yajin cin abinci na kwana 34 a 2015 don ceto makarantar sakandare ta Dyett. An sake buɗe ta a 2016, ko da yake ba bisa tsarin karatun da suka nema ba. Matasan kudu sun shafe shekaru suna zanga-zanga kafin asibitin Jami'ar Shikago ya buɗe sashen ceton manya masu mugun rauni a 2018. Nasarori ne na gaske, sun ceci rayuka. Amma kowace ta tsaya a kan gini ɗaya. Lokacin da ƙungiyoyin Grassroots Collaborative da Raise Your Hand suka kai ƙarar tsarin TIF kansa a kan Lincoln Yards, kotu ta kori ƙarar. Kantin Whole Foods da aka buɗe a Englewood a 2016 da tallafin TIF, ana ta biki, ya rufe a 2022. Gini na iya zuwa ya tafi, ƙa'idar rabon na nan daram.

Masu kare tsarin na cewa ba don jarin tsakiyar birni ba, da babu harajin da za a raba. Suna kuma nuna layin jirgin ƙasa na Red Line da za a miƙa daga titi na 95 zuwa na 130, wanda a 2022 aka amince harajin yankunan tsakiyar birni ya ɗauki wani kaso na kuɗinsa. Gaskiyarsu ce a nan. Sai dai tun 1969 aka yi wa mutanen can kudu alƙawarin wannan layi, kuma sai da aka nemi izini na musamman kafin kuɗin wuri mai albarka su tsallaka zuwa wuri mai buƙata.

Abin da ya fi nuna tasirin gwagwarmayar shi ne yadda ta sauya harshen 'yan siyasa. Magajiyar gari ta lokacin, Lori Lightfoot, ta ƙaddamar da shirin INVEST South/West a 2019, da alƙawarin dala miliyan 750 ga unguwanni goma. Brandon Johnson, wanda ya fito daga ƙungiyar malaman makaranta, ya ci zaɓen magajin gari a 2023, kuma a 2024 majalisa ta amince masa ya ciwo bashin dala biliyan 1.25 don gidaje da raya kasuwanci, a biya da harajin yankunan TIF da wa'adinsu ke ƙarewa. Wannan ya taɓa tushen matsalar, domin kuɗin sun daina zama ɗaure a inda aka tara su. Amma shirin magajin gari da shi yake tafiya idan ya sauka. Muddin ba a rubuta a doka cewa buƙata ce ma'aunin rabo ba, iyayen Bronzeville za su sake yin yunwa a ƙofar wata makarantar, ana barin jaki ana dukan taiki.