Iran: yadda cire kallabi ke kai mace ga ɗaurin shekaru 16

Ranar 8 ga watan Maris na 2019, ranar mata ta duniya, wasu mata suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Teheran kansu ba kallabi, suna raba wa ƴan uwansu mata furanni. An ɗauki bidiyon, ya bazu a intanet, bayan kamar wata guda aka kama uku daga cikinsu. A watan Yuli kotu ta yanke wa Yasaman Aryani da mahaifiyarta Monireh Arabshahi ɗaurin shekaru 16 kowacce, ta ukunsu kuma, Mojgan Keshavarz, shekaru 23 da rabi.

Abin da zai ɗaure wa mai karatu kai shi ne, a dokar hukunta laifuffuka ta Iran, macen da ta fita bainar jama'a ba hijabi hukuncinta ɗaurin kwana 10 zuwa wata 2 ne, ko kuwa tara. To daga ina shekaru 16 suka fito?

Lissafin mai sauƙi ne. Ba a kan kallabin kaɗai ake gurfanar da irin waɗannan mata ba, ana ɗora masu laifuffukan da suka shafi tsaron ƙasa. Aryani da mahaifiyarta sun samu shekara 1 saboda "farfaganda a kan tsarin mulki", shekaru 5 saboda "taro da haɗa baki don yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa", sai shekaru 10 saboda "ingiza jama'a ga fasadi da karuwanci". Wannan tuhuma ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ita ce mafi zubar da mutunci, tunda ma'anarta duk wadda ta kira mata su cire lulluɓi an saka ta sahu ɗaya da kawalai. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa uwa da ɗiyar wa'adin, kuma an sake su a watan Fabrairu na 2023, bayan sun kusa cika shekaru 4 a gidan kaso.

Waɗannan shari'o'i ba a kotunan yau da kullum ake yin su ba. Kotunan juyin juya hali ne ke yi, waɗanda aka kafa tun 1979, kuma sau da yawa zaman a rufe ne. A lokacin bincike, wanda ake zargi da laifin tsaro ba shi da ikon ɗaukar lauyan da ransa ke so, sai daga cikin jerin da shugaban sashen shari'a ya amince da su. Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani in ana jin manyan alƙaluman nan a rediyo: bisa dokar ƙasar, in an tara wa mutum hukunci da yawa a shari'a ɗaya, mafi tsawo daga ciki ne zai yi. Shi ya sa da aka yanke wa lauya Nasrin Sotoudeh shekaru 33 da bulala 148 a watan Maris na 2019, shekaru 12 ne aka ce lalle sai ta yi. Shekaru 12 ma ai ba wasa ba ne, ballantana ga wadda babban abin da ta yi shi ne tsayawa a kotu tana kare matan da suka cire kallabi a titin Enghelab.

A Maraɗi ko Damagaram, inda mace ke ɗaukar hijabinta don kanta kafin ta fita kasuwa, wani zai ce ai maganar addini ce, me ya kawo gardama? Tarihin Iran ya nuna maganar ta fi haka zurfi. A 1936 Sarki Reza Shah ya haramta lulluɓi, ƴan sanda suka riƙa fizge mayafi daga kan mata a titi, har mata da yawa suka gwammace su kulle kansu a gida. Bayan juyin juya halin 1979 sai abin ya juya, a 1983 doka ta tanadi bulala ga wadda ta fita ba hijabi. Gwamnati biyu da ba sa ga maciji, amma kowacce ta ɗora ɗan sanda a kan kan mace. Kuma cikin waɗanda aka ɗaure har da masu cikakken lulluɓi. Faezeh Hashemi, ɗiyar tsohon shugaban ƙasa Rafsanjani, an yanke mata shekaru 5 a farkon 2023. Sedigheh Vasmaghi malamar fiƙihu ce, an tsare ta a 2024 bayan ta fito fili ta soki tilasta hijabi da hujjojin addini.

Ba kuma hijabi ne kawai damuwarsu ba. A watan Agusta na 2006 mata suka ƙaddamar da gangamin neman sa hannun mutum miliyan ɗaya, gida-gida, don a gyara dokokin saki, riƙon yara, diyya da shekarun aure. A Iran ana iya aurar da yarinya tana da shekaru 13, kuma matar aure ba ta samun fasfo sai da izinin miji. Da dama daga cikin masu yawo da takardun sa hannun sun ƙare a hannun jami'an tsaro.

Mutuwar Mahsa Amini ce ta fito da lamarin idon duniya. Bakurɗiya ce mai shekaru 22 daga garin Saqqez, ƴan sandan ɗa'a suka kama ta a Teheran ranar 13 ga Satumba na 2022, ta cika a asibiti bayan kwana uku. Magabatan ƙasar sun ce wata tsohuwar rashin lafiya ce ta kashe ta, kuma sun zargi Amurka da Isra'ila da rura wutar zanga-zangar da ta biyo baya. Amma kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a watan Maris na 2024 cin zarafin da aka yi mata a tsare ne sanadin ajalinta. Ƴan jarida mata biyu da suka bi labarin, Niloufar Hamedi da ta je asibitin da Elaheh Mohammadi da ta je jana'izar, sun share sama da shekara guda a kaso kafin a ba da belinsu a watan Janairu na 2024, daga baya aka yi masu afuwa. Majalisar dokoki kuwa ta amsa da sabuwar doka mai tsanani a kan hijabi, sai dai a watan Disamba na 2024 aka dakatar da soma aiki da ita, alamar su kansu masu mulkin suna tsoron kada tsohon miki ya fama.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a wannan hanya ita ce Narges Mohammadi. An haife ta a 1972 a Zanjan, ta karanta kimiyyar fiziks, ta yi aikin injiniya, sannan ta zama mataimakiyar shugabar cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam da Shirin Ebadi ta kafa da wasu lauyoyi. Fafutukarta ta haɗa da neman soke hukuncin kisa da hana kulle fursuna shi kaɗai a ɗaki, abin da ita ma ta ɗanɗana. Lokacin da aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a watan Oktoba na 2023, kwamitin ya ce an kama ta sau 13, an same ta da laifi sau 5, jimillar hukuncinta shekaru 31 da bulala 154. Tana gidan kason Evin a lokacin. Tagwayenta, Ali da Kiana, waɗanda suka bar Iran tun 2015 suka koma wajen mahaifinsu a Paris, su suka karɓi lambar a Oslo ranar 10 ga Disamba, an bar kujerarta wayam a tsakaninsu.

A watan Disamba na 2024 an bar ta ta fito na ɗan lokaci domin jinya bayan tiyatar da aka yi mata a ƙafa. Ba ta yi shiru ba, ta ci gaba da magana da kafofin labarai da halartar taruka. Ranar 12 ga Disamba na 2025 aka sake kama ta a birnin Mashhad, a wajen taron addu'ar wani lauya da ya rasu.