Kura da Mai Riƙe da Sarƙarta

Babu dabbar da Bahaushe ya yi wa mummunar shaida kamar kura. A tatsuniya ita ce uwar haɗama da wauta, wadda Gizo ke ja da ƙamshin nama har ya kai ta ya baro. A karin magana ita ce maciya amana, shi ya sa ba a ba ta ajiyar nama. Munafuki kura ne da fatar akuya. Mai laifin da ke zargin wani, kura ce ke ce wa kare maye. Mai alkawarin da ya fi ƙarfinsa kuwa, sai a tuna masa cewa in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta. Har akwai camfin cewa wasu mutane kan rikiɗa su zama kura in dare ya tsala.

Waɗanda suka bi ta daji suka zauna da ita sun dawo da wani labarin. Hans Kruuk, masanin dabbobi ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana bin kuraye a Serengeti da Ngorongoro ta ƙasar Tanzaniya, ya fitar da sakamakon bincikensa a 1972. Ya gano cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, mafi yawan abin da take ci ita ta kashe da kanta. Sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kuraye suka sha wuya suka kayar. Gari ya waye, mai wucewa ya ga zaki na ci, kuraye na rakuɓe a gefe, sai ya yanke hukuncin cewa jiran saura suke yi.

Halittarta abin a tsaya a duba ce. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa take tafiya kamar mai ɗingishi, amma in ta zabura takan yi gudun da ya kai kilomita 60 a awa, ta kuma daɗe ba ta gaji ba. Muƙamuƙinta na farfasa ƙashi, cikinta ya narkar da shi, har kashinta kan bushe fari fat. Mace ta fi namiji girma, kuma ita ke mulkin garke, wanda kan kai kuraye 80. Tana ɗaukar ciki kusan kwana 110, ta haifi 'ya'ya yawanci biyu, idonsu a buɗe, haƙoransu a fito, ta shayar da su fiye da shekara. Dariyar nan tata da muke ɗauka ta mugunta ce, masana sun lura ta fi yin ta a lokacin da take cikin firgici, ko wata babba ta taso mata a kan abinci. A birnin Harar na Habasha, kuraye na kwashe ƙazantar gari da dare, kuma akwai masu ba su nama hannu da hannu a bakin ganuwa.

Amma akwai karin magana guda da ya yi wa kura adalci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin wasan kura a kasuwa ya san inda zancen ya fito. An ɗaure mata baki da takunkumi, an sa mata sarƙa a wuya, ana kaɗa ganga, gardi na juya kulki. In ta yi kwance sai a zungure ta don ta taso, domin fushinta ake sayarwa. Jama'a su watse da ihu, su sake taruwa, su yi liƙi. Da yamma gardi ya ƙirga abin da ya samu, ita kuma ta kwana a ɗaure.

Wannan wasan ne ake yi da 'ya'yanmu duk kakar zaɓe. Tun zamanin jam'iyyun NPC da NEPU akwai 'yan banga, amma abin ya munana bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Kowane gari da sunan da yake kiransu: 'yan daba da 'yan jagaliya a Kano, sara-suka a Bauchi, ƙalare a Gombe. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2007 ya bayyana yadda 'yan siyasa suka yi amfani da ƙalare wajen zaɓe, da yadda yaran suka juya kan jama'ar gari da sara da ƙwace bayan an gama da su. Yaro ya tashi ba makaranta ba sana'a, a ba shi ƙwaya da gora da 'yan kuɗin da ba za su kai shi mako ba, a nuna masa rumfar zaɓe. In an sare shi, uwarsa ce ke jinya. In an kama shi, shi ke zaman kaso. Wanda ya aike shi yana can ana rantsar da shi, 'ya'yansa kuwa suna karatu a inda ko ƙarar ganga ba ta kai.

Ba na wanke yaran. Wanda ya ɗaga wuƙa a kan ɗan'uwansa ya ɗauki alhaki, kuma mutum ba dabba ba ne, Allah ya ba shi hankalin da zai ce a'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tsine wa yaron a majalisa, in mai gidansa ya iso kuma mu miƙe tsaye mu ce ranka ya daɗe. A masallaci a ba shi sahun gaba, a wurin biki maroƙa su wasa shi. Alhali laifin wanda ya zauna a cikin hayyacinsa ya tsara, ya biya, ya ɓoye hannunsa, ya fi na wanda aka gusar wa hankali da ƙwaya.

An san maganin abin tun tuni. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara a 2008 cewa a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe. Shekara uku bayan haka, rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 ya ci rayuka fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa. Har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa hukumar ba, kuma waɗanda ke da ikon kafa ta 'yan siyasa ne.

Saboda haka, mai karatu, in ɗan takara ya shigo unguwarku da zugar yara masu jajayen idanu da gorori, ka tambaye shi ina nasa 'ya'yan suke a cikinsu. In ya rasa amsa, kada ka ba shi ƙuri'arka, ka kuma hana shi ƙanenka.