Kafin ka ce ba su turo ba, leƙa akwatin Spam

A Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, galibin matasa ba don sha'awa suka buɗe imel ba. Rajistar JAMB ce ta tilasta musu, ko rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ko neman aiki. Mai shagon kwamfuta ya buɗe, ya rubuta lambar sirri a bayan rasit, shi ke nan. Sai a zauna jiran amsa, wata ya shuɗe, a fara cewa ai sai mai uwa a gindin murhu. Alhali sau da yawa saƙon ya iso tuntuni, yana kwance a akwatin da aka rubuta wa Spam. Gmail kuwa kwana 30 kawai yake ajiye abin da ke ciki, sannan ya goge shi.

Me ke jefa saƙo can? Kusan duk kwamfutar da ke karɓar wasiƙu tana da matata. Aikinta kamar shiƙar gero ne: iska na kwashe ƙaiƙayi, amma wani lokaci takan tafi da tsaba, wani lokacin kuma tsakuwa ta saura a ƙwarya. Gmail na da tasa matatar. Makarantu da ma'aikatu masu riƙe da nasu imel ɗin kuma da yawa suna amfani da SpamAssassin, manhajar kyauta da ta fito tun 2001. Ita maki take bayarwa. Alkawarin kuɗi na ba gaira ba dalili, maki. Fitowa daga kwamfutar da aka sani da watsa shara, ƙarin maki. Idan jimilla ta kai 5, yadda aka saita ta tun asali, sai ta liƙa wa saƙon alama a kansa, wato layukan da ke saman kowace wasiƙa waɗanda waya ba ta nunawa: X-Spam-Flag: YES, da kuma X-Spam-Status, mai jera dalilan.

A nan ne masu kula da imel na makarantu da sakatariyoyi kan ruɗe. SpamAssassin alama kawai take sawa, ba ta kai saƙo ko'ina. Wata ƙa'ida ce daban ke karanta alamar ta ware shi. Saboda haka idan shara na cika akwatin ma'aikata, a fara duba kan saƙon. In alamar na nan, matata ta yi nata, ƙa'idar warewa ce ta samu matsala. In babu ko layin X-Spam-Status, wanda take sawa ko da maki bai kai 5 ba, saƙon bai ratsa matatar ba, ko kuma ya yi nauyi, domin spamc, wanda ke miƙa mata saƙonni, yana tsallake wanda ya haura kilobait 500 muddin ba a canza masa saiti ba. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta rage iyakar makin nan ta 5 har wasiƙun kirki su fara ɓata.

Ta ɓangaren aikawa ma akwai gyara. Tun Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsaurara sharaɗi: mai tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana dole ya kafa SPF, DKIM da DMARC, shaidu uku da ke tabbatar da cewa wasiƙar daga gidan da take iƙirari ta fito. Hukumar da ba ta yi wannan ba, a ganina, ba ta da bakin zargin ɗalibi da rashin amsawa.

Sai dai a yi hattara. Yawancin abin da ke cikin Spam shara ce ta gaske, wani ma tarko ne. Saƙon da ya ce an zaɓe ka a tallafin taki, ka turo BVN da lambar katinka, damfara ce ko da ya faɗo babban akwati, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ta. Sunan da ke sama ba shaida ba ne, kowa na iya rubuta JAMB a wurin. Taɓa sunan ka ga cikakken adireshin, ka karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi. Na JAMB jamb.gov.ng ne. Hukumar gwamnati da ke neman kuɗi ta adireshin gmail.com abar tuhuma ce. Babu kuma bankin da zai nemi lambar sirrinka ta imel.

Idan ka tarar da saƙo na gaske a Spam, danna Not spam, ka adana adireshin cikin lambobinka, domin da haka matatar ke koyo. Lambar sirrin da mai shago ya zaɓa maka kuma ka canza ta yau, ka tabbata lambar wayarka ce a kan imel ɗin, ba tasa ba. Iyaye, duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke jiran amsar makaranta, ya sa su riƙa leƙa akwatin nan ko da sau ɗaya a mako.