Murzuna, Ɓarawon Zangarniya

Yara sun san malam-buɗe-littafi saboda da rana yake yawo, cikin ado. Yana da wani ɗan'uwa da ba ya son a gan shi. Fikafikansa ruwan ƙasa ne, kalar busasshen ganyen gero, kuma idan ya lafe a jikin kara ko a gindin shuka, sai mai gona ya wuce shi sau goma bai lura ba. Tsuntsu ma haka. Manoman Maradi na kiran tsutsarsa murzuna, masana kuma Heliocheilus albipunctella.

An ce dare mahutar bawa, amma a wajen wannan ƙwaro lokacin aiki ne. Da magariba mazan ke tashi ƙasa-ƙasa, suna wata ƴar ƙara da fikafikai don kiran mata. Macen kuwa sai ta bi gonaki tana neman geron da ya fara fitar da kai, ta zuba ƙwai ɗaruruwa a kan zangarniya. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana yanke ƙananan sandunan da ke riƙe da fure, tana zagaya zangarniyar kamar an naɗa mata igiya. Wanda ya ga wannan murɗaɗɗen layi a gonarsa ta Kware ko Wamakko ya san rumbu ba zai cika ba, kuma farashin gero a kasuwar Sakkwato zai gaya wa mai fura labari.

Idan ta ƙoshi sai ta sauka ta nutse cikin ƙasa. Nan za ta kwanta duk tsawon hunturu da bazara, ba ci ba sha, har sai ruwan farko ya sauka da kamar wata guda, sannan ta fito da fikafikai, daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Shi ya sa gero mai saurin nuna ya fi maiwa shan wahalarta. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba a yankin Sahel.

Mugu shi ya san makwantar mugu. A Maradi, masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke harbin tsutsar ya zuba ƙwansa a jikinta. A ƙananan buhunan algarara ake raba shi ga ƙauyuka, ba feshi, ba guba. Tsakanin Sakkwato da Maradi ba wata tafiya ba ce, ƙasar noma iri ɗaya, gero ɗaya. Ya kamata hukumomin noma na jiharmu ta Sakkwato su ɗauko wannan dabara su kai wa manomanmu kafin geron baɗi ya yi bununi.