Noman rani a Dallol Boso: matatar ruwa mai wanke kanta, da abin da ba ta iya tacewa

Wanda ya bar Yamai ya kama hanyar Filinge, bayan kilomita kusan 100 zai tarar da Baleyara, garin da kasuwarsa ta Lahadi ta yi suna wajen dabbobi. Gaba kaɗan sai Tabla, cikin ƙasar Tagazar, kafin a doshi Kurfai. Yankin yana kwance cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ya taso daga Azawak ya gangara har kogin Isa. A nan ruwa ba ya da nisa. A wurare da dama gina mita kaɗan ya isa a cim masa. Shi ya sa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya ɗan tara wani abu yakan yi sha'awar garka a can, ya kafa motar pampo ko farantan hasken rana, ya shimfiɗa tiyo na ban-ruwan ɗigo-ɗigo.

Wannan dabara, wadda kamfanin Netafim ya fara yaɗawa daga Isra'ila a 1965, cibiyar ICRISAT ta Sadore kuma ta gwada ta a ƙananan garake a farkon shekarun 2000, tana rage ɓarnar ruwa ƙwarai. Amma tana da lago. Hanyar da ruwa ke bi cikin kowane maɗigi ba ta wuce faɗin milimita ɗaya ba, ƙasar dallol kuwa rairayi ce. Rairayin rijiya da gansakukar da ke tsirowa cikin tafkin siminti su ne ke toshe maɗigan a hankali, ba tare da kowa ya lura ba, sai ranar da aka ga tumatir na ƙarshen layi ya yi yaushi alhali pampo yana aiki. Saboda haka ake sa matata a bakin tiyo, mai ƙofofi kamar micron 130, wato kaurin gashin kai biyu ke nan. Matatar kuwa dole a kwance ta a wanke. To, mai garka yana ofis a Yamai, yaron garka kuma idan ya gaji da wanki, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cire rariyar gaba ɗaya, ruwa ya wuce da ƙarfi, kowa ya yi murna na ƴan makonni.

Maganin wannan sakaci ne masana'antu suka nema da matata mai wanke kanta, irin waɗanda kamfanin Amiad da wasunsa ke ƙerawa. Ruwa yana shiga cikin rariya ta ƙarfe mai siffar ganga, datti ya maƙale a jikinta ta ciki. Akwai ma'auni da ke duba ƙarfin ruwa kafin rariyar da bayanta. Da zarar bambancin ya kai kamar rabin bar, sai wata ƙofa ta buɗe da kanta, wasu ƙananan bakuna su zagaya jikin rariyar suna tsotse dattin suna fitarwa waje. Cikin ƴan daƙiƙu an gama, ban-ruwa kuma bai tsaya ba. Wata irin kuma fayafayan roba ne masu tsagi da aka matse wuri ɗaya. Lokacin wanki sai su saki, ruwa ya juyo da baya ya wanke tsakaninsu. Juyo da ruwa baya ba sabon abu ba ne: haka ake wanke matatun rairayi a tashoshin Gudel da Yantala masu shayar da Yamai.

Sai dai mai sayarwa ba kullum yake faɗin sharaɗin ba. Yawancin waɗannan na'urori suna buƙatar ƙarfin ruwa kamar bar 2 kafin su iya wanke kansu, bar ɗaya kuwa daidai yake da tsawon mita 10 na ruwa. Ma'ana, sai tankin da aka ɗaga mita 20, ko pampo mai ƙarfin haka. Tankin da ke bisa ginin mita ɗaya ko biyu, irin na ƙananan garake, ba zai motsa ta ba ko kusa. Haka ma pampon hasken rana da safe ko ranar da hazo ya rufe. Ƙari ga haka, idan robar ƙofa ta mutu, ba a kasuwar Baleyara za a same ta ba. Ga garkar da ba ta kai eka ɗaya ba, matatar fayafayai ta hannu da ɗan ƙarin albashi ga wanda zai wanke ta kowace safiya sun fi hankali. Inda rairayi ya yi yawa, ana sa wata mazurara ta ƙarfe a gaba, wadda ke juya ruwa har rairayin ya faɗa ƙasa.

Abu mafi nauyi shi ne wanda ido ba ya gani. Rariya, kome ƙanƙantar ƙofofinta, tana kama abin da ke yawo cikin ruwa ne kawai. Ƙyallen tace ruwa ya taimaka wajen kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar, domin ƙwaron da ke ɗauke da ita yana da jiki, ana iya tare shi. Abin da ya narke kuwa wucewa yake yi. Mutanen Tibiri ta Maradi sun ga haka da rijiyar burtsatse ta 1985, wadda ruwanta garau yake amma sinadarin fluor ya yi masa yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. A Dallol Boso, inda aka daɗe ana dafa kanwa, abin tsoron shi ne gishiri. Ruwa mai kanwa zai ratsa matatar miliyoyi kamar babu ita, ya bar farin ɓawo kewaye da kowane maɗigi, ƙasa ta yi ta lalacewa shekara bayan shekara. Narkakken ƙarfe ma haka: sai ya sha iska cikin tiyo sannan ya koma jan tsatsa, a bayan matatar.

Ana gane duka biyu ta hanyar awo. Kwalba mai tsabta, lita ɗaya na ruwan rijiyar bayan pampo ya ɗan jima yana aiki, a kai ɗakin bincike a Yamai a nemi awon gishiri da na ƙarfe. Ya fi kyau a ɗiba a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan dallol ya fi ja baya.